Shekarar da Aka Shanya Ni a Rana

Na ji ku ranar Lahadi a bakin rijiya. Balki ce ta fara, wai ga Sahura can tafe da rumfarta a ka, sauran kuka kwashe da dariya har guga ya kuɓuce wa Haule. Malfar da kuke kira rumfa ta maza ce, na sani. Ta fi faifai faɗi, na sani. Ni na sayo abata a kasuwar Gazawa, ba aro na yi ba. Ku da 'yan furoje, masu aikin taimako, suka raba wa awaki bibbiyu watan jiya, har kun zama gwanaye. Da kunnena na ji wata cikinku tana cewa kiwon akuya ai ba sana'a ba ce, saki ne da safe, ɗauri da marece. Ban girme ku da wasu shekaru masu yawa ba, ga goyo a bayana kamar yadda wasunku ke da shi, amma fari biyu na gani da sanda a hannu. In na tsaya gabanku zagi zai fito, shi ya sa na rubuta. Wadda ta yi lakol, makarantar boko, ta karanta wa sauran.

Haihuwar akuya ta farko da na tsaya a kanta, a farin farko ne, ina 'yar shekara goma ko sha ɗaya. Shekarar ce Goggo Jumma ta sauka bayan garinmu. Bafillata ce. Shanunsu sun ƙare a hanya, mazan suka wuce kudu da ɗan abin da ya saura, ita ta ce ƙafarta ta gaji. Ta kafa bukka, ta kewaye wani fili da ƙayar aduwa, ta ce duk matar da ke da akuya ta kawo a kiwata mata. Innata ta haɗa ni da awakinmu uku ta miƙa mata, ko ba komai a rage baki ɗaya a gida. Da hantsi wata baƙar akuya ta durƙusa. Ni ina ta tsalle ina kallon kofato na leƙowa, Goggo ko kallon ɗan ba ta yi ba. Abin da ke biyo bayansa take jira, mabiyiya, jan naman nan mai yauƙi. Yana faɗowa ta miƙo mini dagi.

"Tona."

"Goggo, ki bari in ga ya tashi tukuna."

"Uwarsa za ta tashe shi, ɓingel am. Naki aikin ga shi nan a ƙasa. Tona."

Haka take kirana, ɓingel am, wato yarinyata, har yau da na haihu biyu. Na tona iyakar hannuna, ta leƙa ta ce in ƙara. Muka tura abin a ramin da kara, ta zuba toka, na mai da ƙasa, ta sa na taka har na yi gumi, sannan ta ɗora reshen ƙaya. Ta kankare ƙasar da jinin ya taɓa, ita ma ta shiga wani ramin. Duk wannan aiki karenta na ɗaure a gindin kalgo, can inda iska ba ta kai masa.

Dokarta ɗaya ce: abin da ya mutu a garke ba ya kai azahar a sarari. Mabiyiya ce, ɓari ne, ɗan da ya zo ba rai ne, tsumman da aka share ciwo da shi ne, duk rami. Sai da na yi watanni ina tono kafin na tambaye ta dalili.

Ta ce, "Kare ba da ido ya san akuya ba, da hanci ne. Muddin warin garke na masu rai ne, to nasa ne, a kansu zai mutu. Ran da ya ɗanɗani na cikinsu, warin ya zama na abinci. Daga nan ba ya raba matacciya da mai barci."

Ku kayan aikinku igiya ce da turke. Na ga ma wata ta saya wa tata 'yar ƙararrawa. Madalla. Nawa kayan, na farko dagi ne, kuma bakinsa sai ya sha wuta wurin maƙeri duk shekara, don ƙasar rani ba ta jin lallashi. Sai tukunyar toka da ba ta rabuwa da ƙofar garke. Sai sanda mai ƙugiya ta kaɗo 'ya'yan gawo, wadda in ba ki iya riƙonta ba ƙaya ce za ta zubo miki a ido. Kanwa a ƙulle cikin tsumma don kumburin ciki. 'Yar wuƙa ta gyaran kofato. Allura babba da zaren kaba. Tsintsiyar kara biyu, ɗaya ta kashi, ɗaya ta wurin haihuwa, kuma ba a musanya su. Sandar kora ita ce ta ƙarshe a amfani. Mai yawan ɗaga sanda ba ta san awakinta ba.

Masu awakin kuma, Allah ya ba da haƙuri. Akwai wadda ke tare ni da marece tana lalube haƙarƙarin akuyarta ɗaya bayan ɗaya, kamar na cire wani na ɓoye. Akwai wadda ta yi fushi da ni wata guda don jar akuyarta ta haifi ɗa mai baƙin kunne, wai ban tsare mata mutunci ba, na bar ta da kowane bunsuru. Akwai masu kawo tasu da zawo su yi shiru, sai garke duk ya kama. Ba wadda ta taɓa tambayata rami nawa na tona. Aikin da aka yi shi daidai ba ya barin abin gani, shi ya sa kuke zaton babu shi.

Da idon Goggo ya fara hazo, ta bar mini garken, lokacin an yi mini aure. Ta ba ni ɗan kwikwiyo, jikan wancan karen, na sa masa suna Barsu. Da 'yan awaki ya tashi, tare suke kwana, har yakan lashe musu kunne. Ya taɓa korar dila biyu shi kaɗai. Shekara huɗu bai taɓa sa haƙori a jikin abin da ke cikin ƙayar nan ba.

Sai fari na biyu. Wasunku a lokacin kuna wasan ƙasa, abin da kuka riƙe kawai ɗacin anza ne, 'ya'yan itacen da aka ci don yunwa. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Mijina Mamman ya tafi ci-rani wajen Katsina tun ɗiyata Ɗije ba ta yi arba'in ba, ya bar ni da uwarsa, Iya Tasalla. Makiyaya suka riƙa gangarowa daga arewa, shanu na faɗuwa a burtali. Mazan garinmu su bi su da wuƙa, su feɗe fata, su bar sauran nan. Da wari ya dami gari sai suka ga ba inda ya dace a ja mushe sai bayan garkena, tunda shi ne ƙarshen gari. Angulaye suka ci har suka kasa tashi, sai ki gan su suna tafiya a ƙasa kamar tsofaffin da suka fito daga walima. Masu shara sun ƙoshi, shara ba ta ƙare ba.

Wata saniya na tuna, fara, mai karyayyen ƙaho. Ni kaɗai na ɗaura mata igiya a ƙafa na ja ta, ja kaɗan in huta, tun hantsi har la'asar, Ɗije na kuka a bayana. Na je wurin maza a gindin itacen bedi na ce su taimaka da tono, wani ya ce, "Mu da ba mu da ƙarfin tona wa mutane, sai mu tona wa saniya?" Aka yi dariya. Na ɗaure Barsu da igiya biyu, ina raba ɗan kunun dusata da shi, don kada hancinsa ya kai shi can. Awaki sittin da wani abu na shiga farin da su. Bunun ɗaki suka ci, suka ci tsumma, suka ci takarda. Kullum sai na binne ɗaya ko biyu.

A cikin wannan jan mushe ne fuskata ta canza. Wani tabo ya fito mini a kumatu biyu, ya haɗe ta kan karan hanci, ja-ja baƙi-baƙi, yana zafi kamar an goga barkono. Da safe yatsuna su ƙi lanƙwasuwa, sai na kama dagi da tafin hannu biyu. Gashi ya riƙa biyo matsefi. Bakina ya yi gyambo ta sama. Na lura ranar da na wuni a inuwa abin yakan lafa, ranar da na sha rana sai ya tashi da zazzaɓi. Na faɗa wa Iya. Ta ce ƙyuya ce ke neman hujja.

Iya ta kira matar majemi, suka duba ni kamar masu tayin fata. Matar majemi ta ce danshin mushe ne ya shige ni, abin da ya yi danshi kuwa shanya shi ake yi. Suka shafe ni da garin bagaruwa, wanda ake jima da shi. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka sauke mini zane zuwa ƙirji, tun hantsi har azahar. In na ja jiki wajen inuwar rumbu, Iya ta ce, "Koma, ɗiyar nan. Maganin ke nan yana shiga." Kwana tara. Tabon ya sauko wuya da kafaɗu da hannuwa, ya fashe. Ƙafafuna suka kumbura. Mata suka fara tsayawa daga bakin zaure suna gaishe ni, na ji kalmar kuturta ta wuce ta bayan danga.

Ran kwana na uku na shanyar aka zo kan nono. Iya ta sa na tatsa a ludayi, ta kamo tururuwa uku ta jefa. In sun fita, nono lafiya lau. In sun mutu, ya ɓaci. Suka yi 'yan iyo suka tsaya.

"Kin gani da idonki," in ji Iya. "Ba zan bari ki shayar da jikata guba ba."

"Iya, tururuwar ma yunwa take ji. Ko a ruwa kika sa ta mutuwa za ta yi."

"Ji bakinta. Ciwo bai hana ki gardama ba."

Aka cire Ɗije daga ƙirjina tana wata biyar, a shekarar da babu ko gero na kunu. Abin da ya tsaya tsakaninta da rami akuya ɗaya ce, ja, wadda muke kira 'Yar Cadawa don can aka sayo uwarta. Ita kaɗai ta saura da nono a garken, ɗan abin da bai cika ludayi biyu ba safe da marece. Goggo Jumma ta lallaɓo da sandarta ta zo duba ni, ta sunkuya kamar tana gyara mini zane, ta ce a kunnena, "Ki riƙa tatse naki nonon kina binnewa. Kada ki bari ya ƙafe." Haka na riƙa yi a bayan ɗaki, da yatsun da ba sa lanƙwasuwa.

Garke kuwa ya koma hannun Iya. Ba muguwa ba ce, ku ji da kyau, ita ma da ƙyar take ɗaga ƙafa. Amma dagi ya yi mata nauyi, kuma ta ga kare na kuka a ɗaure, haƙarƙari a waje. Ina kwance a tabarma na ji tana gaya wa maƙwabciya, wai Allah ya kawo sauƙi, 'yan awakin da ke mutuwa ta samu inda take kai su, kare ya ƙoshi, ita ta huta da tono. Har ta kwance shi, tunda ya daina kuka.

Na ɗaga kai na ce, "Iya, nawa kika ba shi?"

"Uku ne ko huɗu. Shi ma ai bawan Allah ne."

"Don Allah ki ɗaure shi yanzu. Yanzu, Iya."

"Karen da ya tashi da su? Kwanta ki sha maganinki."

Washegari da azahar na ji kukan akuya, irin wanda ba na yunwa ba. Da rarrafe na isa garke. Barsu ya danne 'Yar Cadawa a gindin ƙaya, inda take kwance tana tuƙa, ya kama ta ta hantsa. Na kira sunansa, ya ɗago ya dube ni, yana kaɗa wutsiya. Bai san ya yi laifi ba. A wurinsa aiki yake yi. Na jefe shi da tukunyar toka, maza suka zo da sanduna, waɗannan da ba su da ƙarfin tono, suka gama da shi nan take. Goggo ta ɗinke hantsar da lalube, ni ina riƙe da ƙafafu. Akuyar ta rayu. Nono kam, jini ne ke fita.

Kwana biyu Ɗije na kan ruwan dusa. Kukanta ya koma kamar na ɗan kyanwa, maɗigarta ta faɗa, tsummanta tun safe har marece a bushe. Na ce zan ba ta nono, Iya ta ɗauke ta ta goya, ta ce sai dai bayan ranta. Ran na uku da safe Goggo ta shigo gidan ba sallama.

"Tasalla, kwanto yarinyar nan."

"Jumma, wannan maganar gida ce."

"Gidan da aka ba kare 'yan awaki? Kwanto ta. Likita za mu. In ya ce guba ce, ni da kaina zan dawo miki da ita."

Amalanken jaki ya kai mu Agiye. Majo, babban ma'aikacin gidan likita, ya dubi fuskata, ya sa na rufe ido, ya tsikari tabon da allura. Na yi ƙara. Ya ce, "Kuturu ba ya jin wannan. Ba kuturta ba ce, amma ta fi ƙarfina." Ya ɗura wa Ɗije ruwan gishiri da sukari da cokali, ya rubuta takarda, ya roƙi direban wata babbar mota da ta sauke hatsin taimako ya wuce da mu Maraɗi.

A asibitin can aka ɗebi jinina, aka karɓi fitsari. Lokotoron, wato babban likitan, Faransanci yake yi, sai aka kira mai duba jini ya yi tafinta, wani dogon Bagobiri mai furfura, daga wajen Gidan Runji. Tambayar farko da na yi ba ta ciwo ba ce.

"Malam, ka tambaye shi, nonona guba ne?"

Ya tambaya. Lokotoro ya ɗaga hannu biyu yana magana da sauri.

"Ya ce wa ya gaya miki haka?"

"Tururuwa."

Bagobirin ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Da ya juyo ya ce, "Ɗiyata, sa mata nono yanzu, nan inda kike zaune. Wagga cuta ba a shanta a nono, ba a ɗaukarta a ƙwarya."

Na sa ta. Da farko ba ta kama ba, bakin ya manta. Goggo ta matsa mini, ɗigo ya sauka a leɓenta, ta lasa, sannan ta kama da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Ba wani abin kirki ke fita ba. Suka ce in riƙa sa ta ko babu, tsotso ne ke kiran nono, kafin nan suna ƙara mata da madara a cokali.

Bayan kwana biyu Bagobirin ya kira ni ɗakinsa, lokotoro na gefe, ya ce tunda ni mai gardama ce in zo in gani da idona. Ya sa na leƙa cikin wani madubi mai dogon wuya. Na ga wasu abubuwa zagaye masu ruwan shuni, ɗaya cikinsu ta kumbura, ta haɗiye wani dunƙule har nata cikin ya matse gefe guda.

Ya ce, "Jikin mutum da kike gani, tarin 'yan halittu ne ƙanana, ido bai ganinsu. Kullum wasu na tsufa suna mutuwa, wasu na maye gurbinsu. Ke ba ki sani, don akwai masu shara a ciki, suna kwashe matattun nan da nan. Akwai kuma masu gadi, masu yaƙar ciwon da ya shigo daga waje. Lokotoro ya ce ba su gama gane dalili ba, amma ga abin da suke zato. A jikin wasu, shara ba ta tafiya da sauri. Matattun su daɗe a yashe har su fashe, abin da ke cikinsu ya fito fili. Masu gadi ba su saba ganinsa ba, sai su ɗauke shi baƙo, su far masa. To irin abin nan kuma yana cikin masu ran ma. Sai su bi fata, su bi gaɓoɓi, su bi ƙoda. Wadda kika gani a madubi mai shara ce, ta haɗiye gawar da masu gadi suka riga suka yi wa alama. A jinin mai lafiya ba mu ganin haka."

Na ce, "Barsu ke nan."

"Wa?"

Goggo da ke zaune a ƙasa bakin ƙofa ta ce, "Karenta ne. Ci gaba, malam, ta riga ka."

Na ba shi labari a taƙaice. Ya jinjina kai, ya ce da zai samu kare irin wannan da ya huta da dogon bayani. Sannan ya ce abu ɗaya zan kiyaye fiye da komai, rana. Zafinta na kashe 'yan halittun fata da yawa a lokaci guda, mushe ya yi wa masu shara yawa.

"Kina shiga rana sosai?"

"Shanya ni aka yi."

"Aka yi mi?"

"Kwana tara, da garin bagaruwa."

Ya ɗora hannu biyu a ka. Bai fassara wa lokotoro wannan ba.

Na tambaye shi ko akwai allurar da za ta kashe masu gadin a huta. Ya ce, "Bayan an kashe naki karen, wa ke tsare garken?" Na ce ba kowa, don tun muna Agiye labari ya iske mu cewa dila ya shiga da rana tsaka ya ɗauki biyu. Ya ce, "To wannan ba a kashe shi. Ɗaure shi ake yi, kuma igiyar kullum ce." Igiyar ita ce ƙwayoyi iri biyu, ɗaya mai ɗacin nan ta zazzaɓi, ɗaya 'yar ƙarama fara. Ya ce ciwon ba ya warkewa, kwanciya yake yi, kuma in na ga fitsarina na kumfa ko ƙafa ta kumbura, kada in jira kowa ya ba ni izini.

Ran kwana na shida a asibitin, ina zaune Ɗije na cinyata, na ji ɗumin fitsarinta ya ratsa zanena har ƙasa. Goggo ta shafa da hannu, ta sansana, ta ce, "Alhamdu lillahi, rijiya ta kawo." Ban canza zanen ba sai da ya bushe a jikina.

Da muka koma gida, Iya ta tarbe mu a zaure, matar majemi na gefenta. Ta ga Ɗije a ƙirjina, ta buɗe baki. Na aika aka tatso mini nonon akuyar maigari, wadda ake ba dusa a ɓoye, lafiyayya, na zuba a ludayin nan dai, na kamo tururuwa uku na jefa, na ajiye a gabanta. Muka zauna muna kallo, ni da ita da matar majemi. Suka yi 'yan iyo suka tsaya. Matar majemi ta tuna ta bar tukunya a wuta. Iya ta daɗe tana duban ludayin, sannan ta tashi ta jawo tabarmata daga tsakar gida ta kai inuwar rumbu. Ba mu sake maganar ba har yau.

Awaki tara suka ga damina cikin sittin da wani abu. 'Yar Cadawa na ciki, da nono ɗaya, kuma jajayen da kuke sha'awa a garkena yanzu yawancinsu jikokinta ne. Na sake kiwon wani kare, na fara daga farko. Ina fita da awaki tun da sanyin safiya, rana na ɗagawa ina gindin gawo, malfa a ka, hannun riga har wuyan hannu. Duk wata ina hawa mota in je karɓo ƙwaya. Wani lokaci abin ya motsa, yatsu su ƙi, in kwana biyu ban riƙe dagi ba, sai Iya ta ɗauka. Yanzu ta iya, har tana faɗa in rami bai yi zurfi ba. Ɗije kuwa kun san ta, ita ce mai tsere da 'yan awaki a bakin rijiya, wadda ta ce wa Balki hancinta kamar na tunkiya. Kowace safiya sai na juya fuskarta wajen haske na duba kumatunta, ita da ƙaninta. Bagobirin ya ce ba lalle ba ne ta gada. Ina dubawa dai.

Jiya na bi ta bayan gidanku, Haule. Akuyarki ta haihu, barka. Na ga mabiyiyar rataye a kan danga, ƙuda sun rufe ta, ɗan kwikwiyonki na tsaye da ƙafa biyu yana lasar abin da ke ɗiga. Ke kuma kina ciki kina ɗaura wa ɗan akuyar jan zare a wuya. Wannan kwikwiyon ki ba da shi can nesa, gidan da ba awaki, ya riga ya ɗanɗana. Akuyar Balki kuma na ga hantsarta ta sauka, ba za ta wuce jibi ba. Dagina na nan bayan ƙofar garke, tukunyar toka na gefensa, ba sai kun gaishe ni ba. Ku yi ta dariyar malfa. Amma zurfin ramin ya kai kamu biyu, kuma kafin azahar.